Rasuwar Hitar Tankin Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da nauyin laifi, Autar gidan nan take sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar hitar da ke ɗumama ruwan gishiri a tankin kifin falonsu. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara tara a bakin aiki.

Marigayiya siririya ce, 'yar sandar gilashi da ba ta wuce tsawon cokali ba. Baba, Allah ya jiƙansa, shi ya liƙa ta a kusurwar hagu, ya murɗa kanta zuwa digiri ashirin da biyar, ya ɗiga jan fenti a wurin don kada wani ya gusar. Tun daga ranar ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ba mai surutu ba ce. Iyakarta “ƙit” idan ta kama aiki, 'yar fitilarta ta yi ja, sai wani “ƙit” idan ruwa ya yi daidai ta huta. A makon da aka yi rashin Baba, kowa ya manta da tankin, ita kaɗai ce ba ta manta ba.

Ajalinta ya zo ta hannun mai ƙaunarta. Baba ya sha faɗa cewa kafin a rage ruwan tanki, a cire filogi, a ba ta minti goma sha biyar ta huce. Ranar Talata Auta ta dawo daga wurin mai sayar da kifi da sababbin kifaye uku a leda, don tankin ya daɗe da kifi ɗaya tak. Tana sauri kada su galabaita, ta zuƙe sulusin ruwan, ta manta da filogi. Marigayiya ta tsaya rabinta a iska tana ɗaukar zafi. Da aka kwarara mata sabon ruwa mai sanyi, sai ta ce “tas”, a hankali. Wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Auta ta ji. Ta ga fitilar a mace, ta ce wa ranta ai hutawa take, ta kasa duba ma'aunin zafi don tsoron abin da zai nuna. Kwana biyu ana ruwan sama, falo ya yi sanyi. Ranar Alhamis baƙin uku suka bi marigayiya, ko suna ba a kai ga raɗa musu ba. Mama ta tsame su da 'yar raga. Yaya ya ce a sayi wata hitar mana, wai ana ta jimami sai ka ce mutum ne ya mutu.

Ta rasu ta bar famfon iska, wanda har yanzu yake gurnani shi kaɗai, da duwatsu biyu, da Maigadi, rawayan kifin nan da ba ya barin bakin rami, na ƙarshe cikin waɗanda suka ci abinci a hannun Baba. Yana kwance a kan yashi, ya karkata gefe ɗaya. An saka sabuwar hita, amma ruwa sai a hankali ake ɗaga zafinsa, digiri ɗaya a yini. Yau yana ashirin da biyu. Ana roƙon jama'a su sa shi a addu'a.

Za a naɗe marigayiya a tsohon tawul a kai ta shagon mai gyaran lantarki gobe da ƙarfe huɗu. Ana karɓar gaisuwa a falo. Don Allah kada a ƙwanƙwasa gilashi, kada kuma a tambayi Auta yadda aka yi. Murfin kan marigayiya mai ɗigon jan fenti ba zai bi gawa ba. Yana hannun Auta.