Tsintsiyar Baffa Lambros

Duk garin Volos babu mai ilimin Baffa Lambros. Wannan ba ƙage ba ne, daga bakinsa muka ji. Da rana tambari yake bugawa a wani ofis, da yamma kuwa shi ne Sarkin Maɓallai. Tun da ya sayo 'yar kwamfutarsa ya jona ta da talabijin ɗin gida, matarsa Inna Fotini ba ta ƙara ganin wasan kwaikwayo ba, sai koren rubutu da kukan kaset ɗin da na'urar ke ajiye aiki a ciki, kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Babban aikinsa wata manhaja ce da ya raɗa wa suna Tsintsiya. Cikin na'urar ƙarami ne, don haka duk layin da ya maimaitu a rubutu sai ta share, ta bar ɗaya.

"Jahili ne ke faɗin abu sau biyu," in ji shi. Kullum sai ya faɗa.

Da bikin yayata Evdokia ya matso, mai gidan abinci ya nemi sunayen baƙi don ya san yawan kujerun da zai jera da ragunan da zai gasa. Na ce zan rubuta da hannu. Baffa ya dube ni da tausayi.

"'Yata, zamanin alƙalami ya wuce. Ki faɗo, na'ura ta tace."

Na yi ta faɗo dangi gida-gida, yana bugawa da yatsa ɗaya. Ya saki Tsintsiya, rubutu ya tsuke, Baffa ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"Kun gani? Na rage wa surukai asara."

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Baffa ya manta cewa a wurinmu kowane ɗa sunan mahaifinsa yake sa wa ɗansa na fari. Kakan babana, Lambros Tsiamis, 'ya'ya maza shida ya bari, kowannensu kuma ya cika al'ada. Ga masu sunan Stamatis, ga su Despina har ba a magana.

Ranar biki muka fito daga coci, dangi suka cika gidan abinci maƙil, kusan rabinsu a tsaye. Evdokia ta fara hawaye cikin farar rigarta, dangin ango suna ƙus-ƙus. A babban tebur kuwa ƙarti shida, har da Baffa, sun kewaye kujera ɗaya mai ɗauke da sunan Lambros Tsiamis.

"Kai, matsa! Daga Larisa na taso!"

"Ko daga duniyar wata ka taso, sunana ne!"

Baffa ya ɗaga hannu kamar mai huɗuba.

"Jama'a, ku natsu. Na'ura ba ta kuskure. Na asali ta bari, saura maimaici ne."

Ya kama kujerar zai zauna, sai Kaka Despina ta tokare ta da sandarta. Ta yafito Lambros mai kiwon awaki, wanda ya girmi Baffa da wata biyu kuma bai taɓa ganin kwamfuta ba.

"Ga na asali nan, a hannuna aka haife shi. Zauna, ɗana. Kai kuma maimaici, jeka maƙwabta ka aro kujeru."

Haka Sarkin Maɓallai ya yini yana ɗauko kujeru a ka, har kowa ya zauna, amarya ta share hawaye. Da ya dawo da ta ƙarshe, rago ya zama ƙashi. Inna Fotini ta miƙo masa tsintsiya, irin ta shara.