Na Takwas a Layin Malam Sidi

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Asma'u ba, ko na so mantawa ma mutanen Marnona ba za su bar ni ba. Har yau in na sauka daga mashin a bakin kasuwa sai na ji wani ya ce, "Zaki ya iso." Kada ku ɗauka yabo ne.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Wurno. Na faɗi wannan tun farko ne don kada wani ya yi mini uzurin jahilci. Ni ne mai zana wa yara burujai goma sha biyu a allo, in nuna musu yadda rana take ratsa su ɗaya bayan ɗaya a shekara. Burjin Zaki na fi son zanawa: taurari masu siffar lauje su ne kai da geza, mai hasken nan na ƙirji shi ne Zuciyar Zaki, uku na baya su ne gindi da wutsiya. Da bakina nake gaya musu cewa taurarin nan ba su san juna ba, wani ya ninka wani nisa, mu ne daga ƙasa muka haɗa su da zane muka ce zaki ne. Yara su rubuta, in ba su maki.

Malam Yohanna, malamin Turancinmu mutumin Zuru, shi ya fara karanta mana duban burji daga wayarsa a ofishin malamai, don raha kawai. Wata rana ya tambaye ni watan haihuwata, na ce Agusta. Ya ce, "Ashe kai Zaki ne. Shugaba, mai zuciya, ba ya ɗaukar raini." Ya yi dariya ya ci gaba da shan shayinsa. Ni kuwa sai na ji a karon farko wani ya fahimce ni (ni da ko akuya ce ta shigo aji sai na jira ta fita don kanta). Daga ranar ban karya kumallo sai na duba abin da aka ce wa Zaki. Na sa hoton zaki a fuskar wayata. Har tafiyata ta canja.

Asma'u 'yar garinmu ce, tana aiki a ƙaramin asibitin Marnona. Shekara biyu ina zuwa zance wurinta, kuma ina sonta, wannan ba zan ɓoye ba. Da damina ta yi nisa mahaifinta, Alhaji Ummaru, ya kira ni zaure ya ce in da gaske nake in turo magabatana da zarar an kai dawa rumbu. Baffana ya amince, ya ce rana kawai zan faɗa masa.

A makon ne shaiɗan ya sa na tambaye ta watan haihuwarta. Ta ce Nuwamba. Na koma Wurno na duba: Kunama. Wayar ta ce Zaki wuta ne, Kunama ruwa, dukansu masu taurin kai, gidansu ba zai zauna lafiya ba. Tun daga nan na fara ganin alamu. In ta yi shiru, in ce tana ɓoye ƙarinta na kunama. In ta yi dariya, in ce dabara ce. Aka yanke dawa, aka kai rumbu, aka fara dashen albasa a fadama, ni ina ce wa Baffa ina nazari. Sau ɗaya ta tambaye ni, kanta a ƙasa, "Malam, mi niy yi maka?" Na ce ba komai. Ba ta sake tambaya ba. Wani ɗan kasuwar albasa daga Goronyo ya turo nasa magabatan, aka ba shi ita.

Mai hankali da ya zauna a ɗakinsa ranar ɗaurin auren. Ni na ɗinka sabuwar shadda na tafi, wai don a ga abin bai dame ni ba. Ya dame ni ƙwarai, abin da kawai ya riƙe ni shi ne tunanin cewa taurari sun cece ni.

An shafa fatiha, ana raba goro da dabino, maza na zaune a tabarmi ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidan. Sai taubashina Bello, wanda muka shiga firamare rana ɗaya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam, shekara biyu kana ƙona mai zuwa zance, ɗan Goronyo yaz zo yaɗ ɗauke cikin mako guda. Mi yah hwaru?"

Wasan taubasai ne, murmushi ya isa amsa. Amma aka yi dariya, Zaki kuma ba ya ɗaukar raini. Na miƙe. Na ce ba ƙwace aka yi mini ba, ni na janye, kuma da ilimi na janye. Na ɗauki kara na zana zaki a ƙasa, lauje da wutsiya, na zana kunama a gefensa da jan tauraronta na tsakiya. Na yi bayanin Agusta da Nuwamba, wuta da ruwa. Liman ya yi a'uziyya a hankali, ban kula ba. Na manta sarai cewa uban amarya yana zaune a tabarmar baya.

Wani tsoho ya tofar da goro ya ce, "Dakata, ɗana." Malam Sidi ne, tsohon hedimastan firamarenmu, ya daɗe da yin ritaya. "Wa yac ce maka ga Agusta anka haihe ka?"

Na ce haka takardata ta nuna.

"To ni nir rubuta ta," in ji shi. "Lokacin nan uwayenku ba su zuwa da kwanan wata. Yaro ya ɗora hannu bisa kai, in ya taɓa kunne ya isa shiga makaranta. Wata kau, layi nika jera ku. Na hwarko Janairu, na biyu Fabrairu, in an kai sha biyu in koma baya. In Agusta nib ba ka, na takwas kat tsaya."

Baffana, maimakon ya rufa mini asiri, ya ce shi dai ya san ana cikin cirar albasa aka yi sunana, zafi ya fara. Ni kuma, karan na hannuna, na ji bakina yana tambaya, "Asma'u fa?"

"Ita ma layi na," in ji Malam Sidi. "Duk wanda yab biyo ta hannuna layi na."

Bello ya daki cinya. "Wallahi na tuna. Ni ag gabanka rannan, kat ture ni kash shige. Ashe ni az Zakin, ba ni abina."

Wurin ya kece da dariya, har 'yan Goronyo da ba su san ni ba suna riƙe ciki. Turewar nan da na yi wa Bello ina ɗan shekara shida, ita ce kaɗai aikin zaki da na taɓa yi a rayuwata.

Da a nan ya tsaya, da tuni ni ma na mayar da shi abin dariya. Alhaji Ummaru bai yi dariya ba. Ya taso, ya tsaya a kan zanen nawa bai ma lura ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yarinyar ga ta yi watanni tana tambayar uwatta mi tay yi maka. Ni kau ina tsammanin wani aibi kag gani gidana kaj ji kunyar hwaɗi, har na bincike kaina. Ashe layin Malam Sidi na." Ya miƙo mini goro biyu. "Amshi rabonka, Malam. Allah shi ba ka wadda tad dace da kai."

Ban san yadda na tada mashin ba. Kuma don ku san ban daddara ba, ina isa Wurno na ciro waya, na ƙiyasta cirar albasa farkon Maris ne, na duba. Kifi. Wayar ta ce babu wanda ya dace da Kunama kamar Kifi. Na zauna a bakin katifa na yi kuka sosai, sai can na tuna ita ma ba Kunama ba ce. Asma'u ce kawai, mai sona, ta jira ni har aka kai dawa rumbu.

Har yanzu ina zana Zaki a allo, manhaja ce, ba yadda zan yi. In na zo wurin da nake cewa mu ne muka haɗa taurarin da zane, nakan yi sauri in wuce. Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya tambayi sama game da matar da zai aura, ya fara tambayar uwarsa yaushe ta haife shi. Na tambayi tawa, bayan komai ya wuce. Ta ce ita ba ta riƙe wata ba, ta dai san ranar kasuwar Goronyo ce, babana ba ya gida, ya kai albasa.