Dokina da Malamar Yara

Da, a Agadas da Nyala, doki ubangidansa kaɗai ya sani. A nan ƙasar Turawa kuwa, a garin Summerfield, na bar nawa a wata gona, suna koya wa yara hawa da shi, suna rage mini kuɗin kiwo. Na ɗauka na yi dabara.

Wata Asabar na kwaso abokan masallaci su ga sukuwa. Na hau, na zungure shi, na yi masa Hausa, Larabci, har Faransanci. Ko motsi. Sai malamar da ke koya wa yaran hawa ta kama linzami ta zagaya da ni sannu-sannu, tana yaba mini.

"Alhaji, riƙe da kyau!" in ji aminina Malam Sani. "Ko mu kira maka Hajiyarka?"

Dokin suka lalata, ni hawana na nan. Amma tun ranar, sunana a masallaci ya koma Ɗan Aji Ɗaya.