Ranar da Awaki Suka Hau Duwatsun Afirka

Ni mutum ne mai tsoron kuskure, ko gaisuwa sai na auna ta. Amma shekarar da na gama karatun malanta aka turo ni Bungudu, na yarda da kaina sau ɗaya, kuma ina jin ya isa.

Hakimi zai zo ya ga ko na cancanci riƙe ajin, sai na ce zan gina masa Afirka da laka a tsakar makaranta. Na ɗaga tuddan Habasha, na tsaga dogon kwarin gabas, na shimfiɗa yashin Sahara. Littafi ya ce kan Kilimanjaro fari ne fat da ƙanƙara, sai na daka kanwa na barbaɗa masa. Da na ga ya yi kyau, na ƙara wa duwatsun da littafi bai ambata ba.

Wani tsohon magini ya leƙo. "Malam, kanwa ce wannan? Garin ga akwai bisashe fa."

Na ce, "Ilimin ƙasa ne, Baba."

Muka fita tarbar hakimi. Da muka dawo, awaki bakwai na tsaye a kan nahiyar. Kilimanjaro ya zama fili, wani bunsuru yana lasar Habasha.

Hakimi ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe ƙasar duk makiyaya ce."

An bar mini ajin, ina zaton don kada dariyar ta bar garin. Har yau in akuya ta ɓace, sai a aiko a tambaye ni ko ta bi ta Masar.