Tamemu Dekorashan

"Ni fa in na shiga ɗaki, bango da kansa yake gyara tsayuwa! Ku ba ni akurkin kaji, ku dawo bayan kwana uku, wallahi sai zakara ya yi sallama kafin ya shiga!"

Zaharadeen ke nan, abokina, kuma a kunnena ya faɗe ta, don shagona na ɗinki manne yake da nasa a unguwar Gabukka. Shagon nasa bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, amma ya raɗa masa suna Hedikwata. Abin da ke ciki: kujera ɗaya mai juyawa, da littafin samfurin yadi, da madubi. Madubin ne babban kwastomansa, shi kaɗai ke kallonsa kullum bai gaji ba.

Asalin sana'arsa rataya labule ce, kuma ba laifi, ya iya. Amma tun da ya sayi ƙatuwar waya ya fara kallon falukan ƙasashen waje, sai kai ya kumbura. Ya wayi gari ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Muka ce to, Injiniyan Labule. In ya juya baya kuma mu ce Ganga Sarkin Ƙara. Ainihin aikin kuwa Baba Titus ke yi, wani dattijon kafinta ɗan Ɓilliri, mutum mai ƙarancin magana, wanda ya shekara talatin yana buga ƙusa bai taɓa kiran kansa komai ba.

Ana nan sai arziki ya ƙwanƙwasa ƙofa. Hajiya Suwaibatu, shugabar makaranta mai ritaya a Federal Low-Cost, ta aiko a gyara mata falo. Ba falon ne abin zumuɗi ba. Ita ce shugabar ƙungiyar matan unguwar, mata arba'in cif, kuma a falon nan suke taro kowane ƙarshen wata. In aiki ya burge su, gida arba'in sun shigo hannu ke nan. In bai burge su ba, to baki arba'in ne.

"Gida arba'in, Baba Titus!" in ji Zaharadeen, yana juyi a kujera har tana kuka. "Reshe a Barunde, reshe a Tumfure, daga nan sai Abuja ta kira ni da kanta!"

"Allah ya sa, Oga. Mu tafi da tef ɗin awo?"

"Tef? Idona tef ne."

Da suka isa gidan, suka tarar da maigida, Malam Bamanga, wani dogon dattijo siriri, yana hira da Hajiya da Fillanci. Nan fa kunnen Injiniya ya miƙe. Duk Fillancinsa a duniya bai wuce na cinikin nono ba, amma ya ga ƙofar neman shiga. Ya durƙusa, ya maƙale murya, ya ce, "Jam ɓandu na, Dada?"

Fuskar Hajiya ta washe. "La! Ashe ɗan gida ne! Kai ma Bafulatani ne, ɗana?"

"Gaba da baya, Hajiya. Kakata ma ba ta jin Hausa ko ta zo-in-kashe-ka."

Kakar tasa ni na san ta, Allah ya jiƙanta. Bakanuwa ce mai tuyar ƙosai, kuma da Hausa take zagin duk wanda ya taɓa mata kasko.

Shi ke nan, Hajiya ta ajiye Hausa ta ɗauki harshen uwa. Ta zaga da shi falo tana bayani, tana nuna nan, tana nuna can, minti goma cur. Gogan naka yana gyaɗa kai kamar ƙadangare, duk inda ta numfasa ya ce, "Mi nani, mi nani," wato na ji. Alhali bai ji komai ba.

Daga ƙarshe ta tsaya a wata kusurwa. A kan wata kanta da ke jikin bango akwai ƙorai goma sha biyu a jere, daga ƙatuwa zuwa 'yar mitsitsiya, duk da zanen sassaƙa, shekaru sun rina su sun yi ja kamar zuma. Ta dafa su a hankali, ta dube shi ido cikin ido, ta ce, "Taa meemu tummuɗe am. A nani? Taa meemu!"

Ya bugi ƙirji. "Mi nani!"

To, abokina, in kai ma ba ka jin Fillanci, matso in raɗa maka. Cewa ta yi, "Kada ka taɓa mini ƙoraina." Iyakarta ke nan.

A cikin keke, suna komawa, Baba Titus ya yi gyaran murya. "Oga, ka gane abin da ta ce a kan ƙoran nan kuwa?"

"Tamemu? Ai babbar kalma ce. Wato a fito da su, a haska su, a yi musu gata. Ba ka ga yadda ta dafa su ba?"

"Ni dai na yi zama da Fulani a Kumo, kuma a sanina..."

"Baba Titus! Ɗan Ɓilliri ne zai koya wa jikan Fulani Fillanci? Kai da katako aka haɗa ka, ni da ilimi. Kowa ya tsaya a layinsa."

"To, Oga."

Kalmar nan ta shiga ran Zaharadeen kamar sabuwar amarya. Ya ce tana da ƙamshin Dubai kuma ga ta 'yar gida. Kafin kwana biyu ya sa an rubuta masa ƙaton allo, faɗinsa ya fi shagon, har ya ci rabin ƙofata: TAMEMU DEKORASHAN, GYARAN ƊAKI NA ZAMANI. Ya kawo mini riga na ɗinka masa sunan a baya da zare ruwan gwal. Ni ma a lokacin ban san ma'anar ba, kada ka ce na cuce shi. Na dai lura masu tallar nono in sun zo wucewa wani ya karanta musu allon, sai su riƙe ƙwaryarsu da hannu biyu su tuntsire da dariya.

"Ka gani ko?" in ji shi. "Talla ta fara aiki. Har mutanen ruga sun san da zamana."

Hajiya da Malam suka tafi Dukku sunan jikarsu, suka bar masa makulli na mako guda. Aka fara da labule. Idon nan da ya ce tef ne ya auna taga, na ɗinka yadda ya faɗa, aka rataya. Labule ya tsaya a sama da ƙasan taga da taƙi guda, kamar wandon da ya yi wa yaro kaɗan.

"Oga, bai kai ba."

"Ya kai inda na ce ya kai. Sabon yayi ne, sunansa sha-iska."

Aka koma kan silin. Ya ce sai an yi masa ado hawa uku, kowane hawa yana saukowa ƙasa da na samansa. Da aka gama aka mayar da fanka, sai ga ta tana shawagi daidai goshin mutum mai tsawo. Baba Titus ya tuna masa cewa maigidan dogo ne. Injiniya ya ce ai ladabi ne mutum ya sunkuya in zai shiga falon matarsa.

Sai aka zo kan ƙorai. Ya sauko da su, ya jera a ƙasa, ya miƙa wa Baba Titus injin huda mai caji.

"Huda mini gindin kowace, za mu zura waya mu sa ƙwan lantarki. Fitilun Tamemu!"

Dattijon ya dubi ƙoran, ya dubi injin, ya mayar da hannayensa baya. "Oga, yau hannuna ciwo yake. Gobe ma zai yi ciwo. Ka bari matar nan ta dawo."

"Tsufa dai bai yi ba. Kawo!"

Da hannunsa ya huda su, ɗaya bayan ɗaya, har sha biyu. Ya ga zanen ya yi masa duhu, ya ce ƙauyanci ne, ya feshe su da fenti ruwan gwal. Sannan ya rataye su da zare a kewayen fanka, ƙatuwar a kusa da tsakiya. Duk makon nan babu wuta a unguwar, saboda haka ba a gwada komai ba. Ya ce aikin gwani ba ya bukatar gwaji.

Ranar da su Hajiya suka dawo ita ce ranar taron mata. Zaharadeen ya hana a buɗe falo sai kowa ya hallara. Ya ɗaura kyalle a ƙofa, ya kawo almakashina, ya kawo ni kaina in ɗauki bidiyo. Mata arba'in suka cika tsakar gida, an sha lalle an sha turare. Ya juya musu baya don su karanta rigar. Na ji wasu sun yi ƙus-ƙus, wata ta toshe baki da mayafi.

"Iyayena mata," in ji shi, "abin da za ku gani yau, ko a Abuja sai da katin gayyata. Duk mai so ta rubuta sunanta da wuri, don ba na son turereniya."

Aka yanka kyalle. Malam Bamanga ya fara shiga da bisimilla, fiffiken fanka ya ɗauke masa hula, ta gangara ƙarƙashin kujera. Mata suka biyo baya. Wata ta dubi labule ta ce, "Wannan sai ya girma za a aurar da shi?" Aka fashe da dariya.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Idonta na kan kusurwar nan. Kantar na nan, amma furen roba ne a kai.

"Ɗana, ina ƙoraina?"

Ya ɗaga hannu sama, baki har kunne. "Ga su can, Hajiya! Kin ce tamemu, na tamema miki su tas!"

Kai arba'in da biyu suka ɗaga sama. Kuma a daidai wannan lokaci, abokina, wutar da ta yi mako tana yawon duniya ta ga dama ta dawo. Ƙwai sha biyu suka kama. Zaharadeen ya buɗe baki zai ce a tafa, sai fanka ta motsa, ashe a lamba biyar aka bar ta.

Ƙwaram! Ƙwas! Ƙwararam! Fiffike ya kwashi zaren farko, ya naɗe na biyu, ƙorai suka shiga dambe da juna. Ɓallin ƙwarya ya riƙa zuba kamar ƙanƙara. Mata suka yi waje ana salati ana "Yesu!", takalma suka rasa masu su. Ƙatuwar ta yi zagaye biyu tana neman mai ita, ta tsinke, ta kife a kan Injiniya har haɓa. Daga ciki muka ji murya tana cewa, "Ku kwantar da hankali! Yana cikin dizain!"

Baba Titus ne ya kashe fankar.

Hajiya ta durƙusa ta ɗauki wani ɓalli. Ta kankare fentin da farce har zanen ya fito. Da Hausa ta yi magana wannan karon, a hankali. "Kakata ce ta zana wannan. Innata ta ɗauko su a ka tun daga ruga. Na girma da su, na yi aure da su, ban taɓa bari ko ruwan zafi ya taɓa su ba. Jiya aka sa wa jikata suna Hanifa, na ce mata na ajiye mata gado." Ni dai kunya ta kama ni, na sauke wayar, don abin ya wuce na dariya.

Malam Bamanga ya cire wa gogan ƙwaryar daga ka. "Ɗana, kai da kakarka ba ta jin Hausa, mene ne taa meemu?"

"A... a yi wa abu gata?"

"Kada ka taɓa. Sau biyu ta faɗa maka, ka ce ka ji."

Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Zaharadeen ya waiga yana neman inda zai sauke laifi. "Baba Titus! Ka sani ka ƙi gaya mini?"

"Oga, ni da katako aka haɗa ni."

Takardar rubuta suna ta koma Gabukka fara fat. Kafin la'asar labari ya zaga Federal Low-Cost, ya tsallaka Barunde, inda za a buɗe reshe. Baki arba'in ba wasa ba ne. Hajiya ta aiko a ce wa Baba Titus ya zo shi kaɗai ya ɗaga mata silin, kuma ya taho da tef.

Washegari da hantsi na ga Injiniya ya jingina tsani zai sauke allon, yana ta waige-waige. Ya kai hannu ke nan sai keke ya tsaya. Malam Bamanga ne, ya kawo masa injin hudarsa da ya manta. Ya ajiye shi a bakin ƙofa, ya ɗaga kai ya karanta allon tun daga farko har ƙarshe, duk 'yan layi muna tsaye.

"Bar shi a inda yake, ɗana," in ji shi. "A duk aikin da ka yi a garin nan, wannan kaɗai ka auna daidai. Taa meemu."