Waifar Motar Baba

"Muddin ina numfashi, motar gidan nan ba za ta ga garejin makanike ba," in ji mijin yayata, yana dukan ƙirji.

Kai ma ka san irinsu. Bai taɓa ɗaure noti ya zauna ba, amma shi ya raɗa wa kansa Injiniya. Babban baƙin cikinsa a duniya, Baba bai taɓa kiransa da sunan ba. "Mijin wance" kawai yake ce masa.

To, injin waifar motar Baba ya ƙone, ga damina, ga shi washegari zai je ganin likitan ido. Baba ya sayo sabo, gogan naka ya karɓe.

"Mai shagon ya ce a fara kunna injin ya tsaya a mazauninsa, kafin a ɗaura hannayen waifar," in ji Baba.

"Baba, mai shago sayarwa ya sani. Aiki kuma sai mu."

Ya kwance, ya ɗaura, ya sha gumi. Noti ɗaya ya yi saura, ya ce na ado ne, ya jefa aljihu.

Da safe muka hau titi, Baba na tuƙi, Injiniya na gefensa yana jiran yabo. Sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baba ya kunna waifa. Hannayen suka yi ƙasa, suka shiga goge bonet tsakani da Allah. Gilashi kuwa ko oho.

"Daga ƙasa take farowa, Baba. Haka na zamani suke."

Bai rufe baki ba hannu ɗaya ya fizge, ya yi tsalle ya faɗa kwata. Wallahi har tausayi ya ba ni.

Baba ya gangara gefen titi, ya dube shi.

"Mijin wance, sauke gilashinka. Cire hularka."

Haka muka ci gaba da tafiya, rabin Injiniya a waje yana goge gilashi da hula, Baba na cewa, "Hagu. Dama. Ƙara sauri."

A ƙofar asibiti maigadi ya leƙo, ya kalli mutumin da ke ɗigar ruwa.

"Baba, wannan wace irin waifa ce?"

"Sabuwa ce," in ji Baba. "Injiniya sunanta. Ba ta gogewa sosai, amma ba ta cin batir."