Ranar da Jami'a Ta Nemi Kan Troels

A duk gidan kwanan ɗaliban da muka zauna a birnin Aarhus, kai, har da na maƙwabta, ba a taɓa yin mai basira irin Troels Bundgaard ba. Daga bakinsa muka ji wannan, kuma mutum mai zurfin tunani irinsa ai ba ya kuskure. Digirin farkon da mu masu gaggawa muka gama a shekara uku, shi biyar ya ba shi, don ba ya son haɗiye ilimi bai tauna ba. Muka naɗa shi Shehin Malami. Ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, ya ce dama ya yi mamakin jinkirinmu.

Da muka gama, kowa ya kama gabansa. Sidsel, maƙwabciyar ɗakinsa, ta samu gurbin digiri na biyu a fannin tsaftace ruwa. Ni na samu aiki a tashar jiragen ruwa. Shehin Malami ya dube mu da tausayi a ɗakin girki, yana shafa man shanun wani a kan baƙin burodin wani.

"Ku aiki kuke nema," in ji shi. "Ni tafarki nake nema. Mutum irina ba ya zaɓen fanni. Fannoni ne za su yi kokawa a kansa."

Sidsel ta ce, "To kafin su fara kokawar, wanke tukunyarka. Kwananta huɗu."

Ya je wurin matar da ke ba ɗalibai shawara kan aiki. Tambaya ɗaya ta yi masa: me ya iya? Ya yi minti arba'in yana amsawa. Da ya dawo ya ce baiwar Allah tana da ƙoƙari, kuma ya ɗora ta a hanya.

Neman digiri na biyu kuwa, an rufe karɓar takardu a watan Maris, shi ya aika tasa a Mayu, shafi tara, duk tarihin yadda hankalinsa ya girma tun yana aji ɗaya. Sassa huɗu ya aika wa, huɗun suka ba shi haƙuri. "Tsoro suka ji," ya bayyana mana. "Wane farfesa ne zai so ɗalibin da zai riƙa yi masa gyara?"

Sai takarda ta zo daga masu gidan: wanda ba ɗalibi ba, ya bar ɗaki ƙarshen Agusta. Mahaifiyarsa ma ta bugo waya daga garinsu, Skive, muna jin muryarta tun daga bakin ƙofa: "Troels, babanka na neman mai riƙe masa gilashin taga. Ka taho gida haka nan." A karon farko muka ga Shehin Malami ya bar burodi a faranti.

Ana saura mako biyu ya faɗo ɗakin girki yana ɗaga waya sama.

"Masu binciken ƙwaƙwalwa sun kira ni! Na ga sanarwarsu a allo, suna neman masu digiri su shiga bincike, na cika takarda. Ko digiri na biyun ba su tambaya ba. Wanda ya san kaya ya ga kaya."

Ranar Talata ya sa kwat da taye, ya hau keke cikin yayyafi, ya ce in raka shi don tarihi na buƙatar shaida. Wata mata mai farar riga, Gunhild, ta tarbe mu da takarda a hannu.

"Kai ne na sha bakwai? Cire taye da agogo da bel, ka kwanta nan."

"A kwance zan gabatar da jawabin?"

"Wane jawabi? Hoton kanka za mu ɗauka. Awa biyu, ba motsi, ba magana."

Na ga kunnuwansa sun yi ja. Amma babban mutum ba ya ruɗewa. Ya kwanta, aka tura shi cikin wata na'urar ɗaukar hoto kamar burodi a tanda. Da aka fito da shi aka ba shi kofi da biskit biyu, aka kira na sha takwas.

Muka kamo hanyar gida. Sai da muka kai gada ya gyara murya. "Ka san abin da na yi a ciki? Tunani. Mafi zurfin tunanin da na taɓa yi a rayuwata. Duk suna da shi a hoto yanzu."

Ƙarshen Agusta babansa ya zo da motar kaya ya kwashe shi. A kaka muka kai masa ziyara ni da Sidsel, muka same shi a shagon babansa yana riƙe gilashi yana yi wa baban bayanin yadda haske ke ratsa shi. Masu binciken sun aiko masa da hoton kansa, ya sa a firam ya rataye a bangon shago, inda kowane mai ciniki zai gani.

Sidsel ta matsa kusa, ta karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan hoton da ƙarfi: "Mutum na sha bakwai. Kyakkyawan misalin ƙwaƙwalwa a lokacin da ba ta yin komai."